Jan Dutsen Murhun Kaka

Ran nan na ga ɗan littafin nan mai koren bango a jakar Briskila, wanda ƙungiyar ci gaban garinmu ke rabawa duk ƙarshen shekara. Ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda aka ce mutanenmu ba su taɓa haɗa jini da mutanen Ƙetare ba, wai za ta sa a aikinta na makaranta. Briskila jikata ce, ba ta da laifi, abin da ta gani a buge shi ta ɗauka. Amma ku 'ya'yana ya kamata ku sani, tun ina da sauran idon rubutu, cewa wannan jimlar ni na fara rubuta ta da hannuna ina aji uku a sakandare, kuma ƙarya ce. Shekara da shekaru ina jin ana karanta ta a lasifika ana tafi, ni kuwa ina zaune a layin mata ina kallon takalmina.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, tafiyar awa biyu a keke daga Kafanchan. Rafi ne ya raba mu da garin da muke kira Ƙetare. Yarensu da namu sun ɗan bambanta, su suna jan magana, mu muna datse ta, amma ba mu taɓa neman tafinta a kasuwa ba. A da, idan aka auro mace daga wani gari, takan zo da dutsen murhu guda ɗaya daga madafar uwarta. Biyu na gidan miji, na ukun nata. Duwatsun wajenmu ruwan toka ne, na Ƙetare kuwa ja ne kamar hanta. Saboda haka in ka leƙa madafa ba sai ka tambayi asalin matar gida ba, murhu ya riga ya gaya maka. Ni yarinya ce marar magana, in baƙi sun zo sai in laɓe bayan mahaifiyata, amma ina da ido. Duk gidan da aka aike ni ɗebo wuta sai na duba murhu, kuma gidajen da babu jan dutse a cikinsu ba su da yawa. Namu na Kaka Tabita ne, uwar babana. Ta zo da shi a ka ranar da aka kawo ta, tun kafin a gina majami'a a garin. Samansa ya lotsa daidai gindin tukunya, gefen da ke fuskantar wuta ya yi baƙi ƙirin, bayansa kuwa yana nan da jansa.

Ina ajin ƙarshe a firamare wani ɗalibin jami'a ya zo, Malam Ishaya, da wando mai faɗin ƙafa da rikoda rataye a kafaɗa. Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, rediyo ba ta da zance sai haɗin kai, ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya. Shi ma abin da ya zo nema ke nan, abubuwan da suka ɗaure ƙabilu da juna. Babana, Malam Yohanna, shi ne hedimasta kuma dattijon ikkilisiya, sai aka sauke baƙon a gidanmu. Da Kaka ta ba shi labarin dutsen, har ya durƙusa a cikin toka yana ɗaukar hoto, gwiwar wandonsa ta yi fari. Ya ce wannan shi ne shaidar da malamansa ke nema, cewa iyakokin ƙabila Turawa ne suka zana su a takarda. Kaka ta saurare shi tana tsince acca a faifai. Hausarta ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji.

"Kai ne na biyu," in ji ta. "Ina amarya wani Bature ya zo da littafi. Shi dodon tsafi kawai ya tambaya. Dodo nawa, yana cin me, yana kwana ina. Ya rubuta mu arna, mu da Ƙetare duka suna ɗaya, ya hau doki ya tafi. Bai tambaya ko muna cin tuwo ba."

"Ai zamaninsu ya wuce, Kaka," in ji Malam Ishaya. "Yanzu mu za mu rubuta kanmu da kanmu."

"To ka rubuta da kyau. Matsa, kana tare mini haske."

Bayan shekara uku aka yi juyin mulki, sabuwar gwamnatin soja ta ce za ta sake fasalin ƙananan hukumomi. Sai magana ta bazu cewa duk al'ummar da ta nuna ita daban ce, da yarenta da tarihinta, za a ba ta gundumarta da hakiminta. Ban ce babana mugu ne ba, kada ku karanta haka. Ya girma a ƙarƙashin hakiman da ake turowa daga nesa, waɗanda ba su jin ko gaisuwar yarenmu. Ya ga mata suna mutuwa a hanyar asibitin Kafanchan a kan gadon kara. A ganinsa gunduma ita ce asibiti, ita ce gada, ita ce mutunci. Damuwarsa ɗaya ce: kasuwa tana Ƙetare, in aka ce mu da su abu ɗaya ne, can za a kai kujerar hakimi. Aka kafa ƙungiya, aka naɗa shi sakatare, aka aika wa Malam Ishaya ya zo ya taimaka da takardar da za a miƙa wa kwamitin gwamnati.

Na dawo hutun damina daga makarantar 'yan mata na tarar da shi a tsakar gida, ya tara gemu, rikodar ma sabuwa ce. Zancensa ma sabo ne. Yanzu cewa yake masanan baya sun cuci ƙananan ƙabilu, sun cusa su cikin buhu ɗaya, dole a fito da kowace da sunanta. Ina wanke kwanoni a gefe ina jinsa da Kaka, tun ina jin dariya har na fara jin haushi, don kowace tambaya da amsarta take zuwa a goye.

"Kaka, kakanninmu daga cikin kogon dutsen nan suka fito, ko ba haka ba?"

"Ni ban gan su suna fitowa ba."

"Amma ai ba mu auren mutanen Ƙetare a da, sai da zamani ya lalace."

Kaka ta ajiye faifai ta dube shi tun daga gemu har takalmi.

"Yaro, ba kai ne ka shafa toka a wando ba? Ni daga sama na faɗo?"

"A'a, Kaka, ke daban ce. Kowace ƙa'ida tana da ɗan abin da ya kauce."

"Je ka leƙa madafan garin nan ka ƙirga masu kaucewa. Murhu yana nan inda ka bar shi. Kai ne ka juya."

Ya kashe rikodar. Na lura ya kashe ta tun kafin ta kai ƙarshen maganar.

Ni ce mai kyan rubutu a gidanmu, saboda haka aka ce in kwafe takardar tsaf kafin a kai wa mai buga tafireta a Kafanchan. Aka zaunar da ni a teburin Baba da tarin rubuce-rubucen Malam Ishaya, sababbi da tsofaffi. A cikin tsofaffin na ga shafi biyu a kan dutsen Kaka, har da zanen murhu, an ja musu dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa. Baba yana tsaye a bayana yana faɗa ina rubutawa. Da ya zo wurin haɗa jini, alƙalamina ya tsaya. Ta taga ina hangen Kaka tana hura wuta. Na ɗaga kai na dube shi, abin da zan faɗa yana nan a bakina shirye, gajere ne ma: Baba, kai fa? Ya ce, "Rifkatu, tawada ce ta ƙare?" Na ce a'a. Na sunkuya na rubuta, har na yi wa harafin farko ɗan lanƙwasa don ya yi kyau.

Na ɗauka abin ya ƙare a takarda. Sai labari ya zo cewa kwamitin zai zagaya gidaje ya ga yadda muke zaune, kuma gidan sakatare za a fara shiga. Malam Ishaya ya ƙara da cewa ɗaya daga cikinsu malamin jami'a ne, ya taɓa karanta rubutunsa na farko, ya ga hoton murhun. Ranar Alhamis, Kaka ta ɗaura zanen zumuntar mata ta tafi majami'a. Tana fita Baba ya tsaya a ƙofar madafa ya kira mahaifiyata. A al'adarmu namiji ba ya taɓa dutsen murhu. Mutumin da ya sha tsayawa a gaban ikkilisiya yana cewa irin waɗannan abubuwa camfin duhu ne, ga shi tsaye hannu a baya, ko bakin ƙofar ya ƙi tsallakewa. Mahaifiyata kuwa 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, a Kafanchan ta girma, da risho aka kawo ta.

"Malam, ni ban zo da dutse gidan nan ba, ba zan fita da dutse ba," ta ce. "In kana so, ga hannunka."

"Ke ma kin san ba ya yiwuwa."

"Ashe? Ranar Lahadi ka ce babu komai a ciki."

Baba ya waiwaya, ya gan ni a jikin rumbu, inda kullum ake samuna.

"Rifkatu, zo. Ɗauki jan nan ki kai rafi ki jefa, inda ruwa ke da zurfi. Ki sa wani a wurin."

Dutsen yana da sauran ɗumin kunun safe. Da na girgiza shi ya ƙi motsi, sai da na tona gefensa da guntun itace. Ya bar rami mai santsi daidai siffarsa, ƙasar ciki ta gasu ta yi tauri kamar kasko. Na naɗe gammo na ɗora a ka, nauyinsa ya sa wuyana ya yi ƙara. Na yi ta tunanin yarinyar da ta haye rafi da shi, wataƙila ba ta fi ni shekaru ba. Ban kai rafi ba. Ban kuma yi jarunta ba, kada ku ɗauka haka. Tsoro biyu ne suka haɗu, na Baba da na Kaka, sai na bi tsakiya. Na zagaya bayan gida, na tura shi ƙarƙashin rumbun acca, na rufe da kara. Na daɗe a can gwargwadon tafiya rafi da dawowa, sannan na ɗauko wani dutse ruwan toka daga gindin katanga na cusa a ramin. Bai zauna daidai ba.

Kaka ta dawo tana ƙunƙunin waƙar sujada. Ta haɗa itace, ta ɗora tukunya, tukunyar ta karkace, ruwa ya zuba a wuta, toka ta tashi. Ta tsaya tana kallo har hayaƙin ya lafa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta fito tsakar gida ta yi tambaya da yarenmu, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya ɗauka?"

Mahaifiyata ta ce ba ita ba. Baba ya gyara murya.

"Iya, don garin nan ne. Don asibiti. Dutse ai dutse ne."

"To da ka ɗauka da hannunka."

Sai ta juyo gare ni. Ba ta sake tambaya ba, kallona kawai ta yi, tana jira. Da na ce ni ce, kuma yana ƙarƙashin rumbu, da kafin la'asar an mayar da shi, da an yi faɗan a gama a ranar. Amma Baba yana tsaye, kuma shi ya san rafi na kai. Na dubi yatsun ƙafata. Na ji ta koma ciki ta sauke tukunyar. Daga ranar ba ta ƙara cin abin da aka dafa a gidanmu ba. Gyaɗa take ci da gwazar da maƙwabciya ke miƙo mata ta kan danga.

Yanzu ku ji yadda zuwan kwamitin ya kasance, don har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. An ce ƙarfe goma na safe. Tun takwas aka jera 'yan makaranta a rana, an ɗaura wa 'yan mata ganye a kan siket don rawar gargajiya, rawar da Baba da kansa ya hana a makarantar shekara da shekaru. Tsofaffin da suka iya ta sai da aka roƙe su suka tuna mana taku. Landiroba ba ta iso ba sai bayan ƙarfe biyu. Mutum uku suka fito, suka zauna a rumfa, aka buɗe musu lemo. Baba ya karanta jawabi da Turanci, ya miƙa takarda, babbansu ya sa ta a ƙarƙashin kwalbarsa don kada iska ta ɗauke, gindin kwalbar ya bar zobe a kan sunan garinmu. Hadari ya taso daga bayan dutse, direba ya raɗa musu cewa in ruwa ya sauka ba za su haye kwazazzabon hanya ba. Suka miƙe ana tsakiyar rawa. Ba su shiga gidan kowa ba. Ba su ga murhu ko ɗaya ba. Da sakamako ya fito bayan watanni, an haɗa mu da Ƙetare a gunduma ɗaya, kujerar hakimi kuwa an kai ta wani gari na uku, saboda shi ne a bakin kwalta.

Kaka ba ta jira sakamako ba. Washegarin zuwan kwamitin ta ɗaure kayanta a zane, ta ce za ta je wurin 'ya'yan ƙanenta. Baba ya ce ta bari rafi ya janye, ta ce ta haye shi da dutse a ka, ba za ta kasa da tsumma ba. Ni aka ce in raka ta. Muka kama hanya, tana gaba da sanda, ina baya da ƙunshi. Sai da na ga ruwa sannan bakina ya buɗe.

"Kaka, ban jefa ba. Yana ƙarƙashin rumbu."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Wuyan rigarki duk baƙin tukunya, ƙafarki kuwa a bushe. Wanda ya je rafi da damina yana dawowa da ƙafa a bushe? Kuma wa ya tara kara a gindin rumbu ba lokacinsa ba?"

"To mu koma in mayar."

Ta zauna a kan wani dutse tana naɗe bakin zanenta.

"Ba dutse na tsaya nema a tsakar gida ba, Rifkatu. Mutum ɗaya nake nema da zai buɗe baki. Ubanki na san shi, in ya sa abu a gaba ba ya ganin gefe. Mai gemu kuwa duk wanda ya hau kujera shi yake rubuta wa. Ke ce kike ganin komai. Na ce wannan in ta girma za ta faɗi yadda abu yake. Sai kika tsaya kina ƙirga yatsu."

Na yi kuka, ba ta lallashe ni ba. Ta karɓi ƙunshinta ta ɗora a ka.

"Bar shi inda yake. Ba zan dafa a gidan da ake ɓoye ni in baƙi za su zo ba. In kin yi aure ki tafi da shi, ai na uwa ake ɗauka, uwarki kuwa ba ta da shi."

Damina biyu ta yi a Ƙetare. Nakan je in na dawo hutu, takan karɓe ni, ta ba ni abinci, ta tambayi karatu. Amma labaran da ta saba ba ni muna tsince acca, na sunayen mata da garuruwan da suka fito, da waƙoƙin niƙa, ba ta ƙara ba ni ko ɗaya ba, ni kuma kunya ta hana ni roƙo. Abin da na rasa ke nan, kuma ku ma kun rasa. In kuka tambaye ni sunan uwar Kaka, ban sani ba. Da ta rasu, can aka binne ta. Baba ya haye rafi da dattawan ikkilisiya, yana tafe yana shirya abin da zai ce, don takardarsa ta riga ta kai can, an karanta musu. Babu wanda ya ambace ta. Suka fito masa da kujerar da ake ba ɗan 'yar'uwa, suka zuba masa ruwa ya wanke ƙafa, wani tsoho ya ce, "Ɗanmu ya zo gida." Ban taɓa ganin babana ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Amma takardar bai janye ta ba, ƙungiya ta riga ta mallake ta, daga baya ma aka buga ta da koren bango.

Malam Ishaya ya sake zuwa, in gaya muku. Bayan rikice-rikicen da aka yi a ƙasar nan, lokacin kuna makaranta, sai ga shi a gidana na Kafanchan cikin farar mota ta masu aikin sasanta al'umma, gashi ya yi fari, ana ce masa Farfesa. Yanzu abin da ake nema shi ne shaidar cewa dukanmu dangi ne. Ya ce ya zagaya ƙauyuka, kowa ya koma gawayi da gas, tsofaffin murahu an watsar, ko na san inda zai sami jan dutse ko guda ɗaya? Ya ce hoton da ya ɗauka a da ya ɓace. Lokacin na yi shekara talatin ina koyarwa, bakina ya buɗe.

"Farfesa, wannan karon wa ke kan kujera?"

Ya yi dariya, sannan ya ga ni ba dariya nake ba. Na ce zan nuna masa, in zai rubuta duka zuwansa uku a shafi ɗaya, da abin da ya ce kowane zuwa, da ranar da ya kashe rikoda. Ya ce zai duba yadda tsarin aikin zai ba da dama. Na ba shi ruwan sanyi, na raka shi mota. Ya wuce ta gefen dutsen sau biyu, shiga da fita, bai gane shi ba.

Ku ma ba ku gane shi ba, kuma laifina ne, don ban taɓa faɗa ba. Shi ne wanda ke tare ƙofar kicin don kada iska ta buga ta, wanda kuka fasa kwakwa a kansa kuna yara, wanda ɗan'uwanku Dauda ya ce in bari ya jefar lokacin da aka sa tayil. Ku juya shi za ku ga jan. Briskila, in lokacinki ya yi, naki ne, ko da a bene za ki zauna da murhun lantarki. Kafin nan ki ɗauko littafin nan da jan bironki, ki zo ki same ni. Layin da kika ja a ƙasa, a tsakiya za mu ja shi, kuma ni zan ja, tunda ni na rubuta.